Kujerar da Na Ajiye a Bakin Ƙofar Nafisa

Tun da na dawo daga Chana ban huta da tambaya ba. A ajinmu na manya, a gidan suna, har a layin niƙa, sai an ce, "Hajiya Gaje, ya Chana?" In na ce lafiya lau, a ce ban faɗi komai ba. In na fara faɗa, kafin in kai tsakiya an katse ni da maganar jaka da takalmi. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, tunda Allah ya sa na koyi riƙe biro, ko da yake furfura ta riga ni shiga aji. Mai so ta karanta. Wadda ba ta iya ba ta zo ajinmu, akwai benci.

Ni ba sari ya kai ni ba. Autata Nafisa na je gani. A Guangzhou take karatun digiri na uku, 'yan Chana ne suka ɗauki nauyinta. Shekara ta zagayo ta sake zagayowa, kullum a waya maganarta ɗaya ce, "Umma, saura kaɗan." Ranar da na matsa mata ta faɗi gaskiya. Makaranta ta yi mata ƙarin lokaci na ƙarshe. In ba ta miƙa kundin bincikenta kafin ƙarshen zango ba, an rufe maganar, sai ta tattaro ta dawo hannu rabbana. Ni da na san wahalar da na sha kafin in iya rubuta sunana, wannan magana ta hana ni sukuni. Sai na bi Hajiya Ladidi, maƙwabciyata ta shekara da shekaru, wadda ke zuwa sarin jakunkuna duk lokacin baje koli. Aka buga mini biza irin ta 'yan kasuwa.

Daga Kano jirgi ya sauke mu a Addis Ababa, muka yi zaman jiran wani. Sanyin wurin ya shiga gwiwata bai fita ba har yau. A nan na ga matan Kano tuli, kowa da ƙatuwar jaka babu komai a ciki. Ladidi ta nuna ni ta ce, "Ga maman Nafisa." Sai wuri ya kaure.

"Ke ce kika haifi yarinyar nan? Allah ya yi mata albarka. Bara a wurinta muka sauka."

"Ni har asibiti ta kai ni da haƙorina ya tashi, ta wuni a tsaye."

"Ai miyar kukarta ta fi ta gida."

Da farko kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba. Amma da muka hau jirgi na biyu, aka kashe fitilu, sai na kama lissafi a raina. Wannan ta sauka a wurinta, waccan ta kai ta asibiti, wancan ta raka shi masana'anta. To yaushe take karatun?

A filin jirgin Guangzhou akwai na'urar da ake ɗora yatsu. Tawa ta ƙi. Na ɗora, ta yi ja. Na goge a mayafi na sake, ta yi ja. Shekarun da na yi ina murza ƙuliƙuli da wanki sun cinye zanen yatsuna. Ma'aikacin ya kama hannuna ya juya yana kallo kamar ya tsinci wani abu a hanya, daga baya ya gaji ya buga mini hatimi. Ina ɗaukar kaya kuma wani ɗan kare ya zo ya zauna a jikin jakata ya ƙi tashi. Kilishin da na yo wa Nafisa suka zaro, duka, suka jefa a wani kwando. Na ce musu na 'yata ne, rabonta da shi ya daɗe. Da Hausa na faɗa, su ma da yarensu suka amsa, babu wanda ya ji wani. Daddawa kuwa, da wata ma'aikaciya ta buɗe ledar ta shaƙa sau ɗaya, ta ɗaure ta miƙo mini da hannu biyu.

Nafisa na tsaye a bakin fita. Na kusa wuce ta. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo, ƙasan idonta ya yi baƙi, waya biyu a hannu. Ta durƙusa ta gaishe ni, ban gama sa mata albarka ba Ladidi ta rataya mata jaka, wata ta miƙa mata fasfo ta duba, wata na tambayar inda za a sayi layin waya. Haka muka fita, tana gaba kamar mai kora awaki, ni uwarta ina can baya.

Masaukinta ciki da falo ne a wani dogon bene a unguwar da baƙaƙen fata suka fi yawa. Da ta buɗe ƙofa na ɗauka sito muka shiga. Kwalaye har rufi. Katifu a jingine. Mata zube a ƙasa, wasu na barci, wasu na waya da Kano da ƙarfi. Na tambayi inda teburin karatunta yake. Ta ɗaga wani kwalin takalma, ga shi a ƙasa. Littattafan kuwa suna kicin, a saman firji, tururin miya duk ya lanƙwasa bangonsu. Ita kanta a tsakanin kicin da banɗaki take shimfiɗa.

Ita ke dafa musu abinci, don sun ce ba sa iya cin na 'yan Chana. Ni na ci. Akwai Musulminsu masu farar hula da ke jan taliya da hannu a gabanka, su zuba romon naman sa. Ba yaji, ba manja, amma tana zama a ciki. Tsinke biyun da suke ci da shi ne ya gagare ni, na nemi cokali. Ruwan sha ma da zafinsa suke kawowa, ko ana zufa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maƙwabta. Za ku haɗu a lif, kafaɗa na gugar kafaɗa, ba sannu ba ina kwana. Babu mai shiga gidan wani sai an yi alkawari. A makon farko na ce waɗannan ba su da mutunci. Daga baya na rage faɗar haka.

Na bi su Shiling, garin jakunkuna, don in ga abin da ke cin ranar yarinyata. Tafiya ce mai nisa a mota. Tun daga bakin gari warin fata da gam ke dukan hanci. Shago bayan shago, Ladidi na gaba, Nafisa na fassara. A nan na koyi kalma biyu. Mai shago sunansa laoban. In abu babu, sai ya kaɗa hannu ya ce meyo.

"Ce masa wannan zif ɗin ko kyauta ba na so," in ji Ladidi. "Ce masa ni ba baƙuwa ba ce, tun yana goye nake zuwa garin nan."

Nafisa ta juya ta yi wa mutumin magana a hankali, da murmushi. Na tabbata ba abin da aka ce ta faɗa ta faɗa ba. Haka aka wuni. A hanyar dawowa ta buɗe kwamfuta a cinya, ba ta rubuta layi biyu ba Ladidi ta taɓo ta. "'Yar nan, kira mini mutumin jiya, ki ji ko ya kai kayan tashar jirgin ruwa ta Nansha." Ta rufe kwamfutar ta kira.

Washegari bayan sallar asuba na same ta a baranda, tsakanin zannuwan mutane da aka shanya. Na ce ta gaya mini abin da take karantawa, da Hausar da zan gane.

Ta ce a ƙasashen Turai, fiye da shekara dubu da suka wuce, akwai wasu masu ibada na Kirista, ruhubanawa, da ke barin aure da dangi su taru a gida guda su kulle kansu. Ita ba ibadarsu take bincike ba, cikinsu take bincike. Me suke ci, daga ina yake zuwa, wa ke nomawa.

Na ce, "Ke Bahaushiya, a ƙasar Chana, kina bin diddigin rumbun Turawan da ƙasa ta daɗe da cinyewa."

Ta yi dariya, karo na farko tun zuwana. "Haka Baffa ma yake cewa, Umma."

"Ni ban ce banza ba ne. Ci gaba."

Ta ci gaba, fuskarta ta canja, ta koma Nafisar da na sani. Ta ce sarakuna da masu hali kan ba su gonaki don a riƙa yi musu addu'a. Manoman da ke zaune a gonakin su kawo hatsi, da kaji, da ƙwai, su kuma yi musu aikin gona wasu ranaku. Suna da tumaki, da amya, da injin niƙa da ruwan kogi ke juyawa. Duk sun rubuta a fatu da tsohon yarensu, shi ta koya take karantawa. Babin da ya tsaya mata kuwa na baƙi ne. Dokarsu ta ce duk baƙon da ya buga ƙofa a karɓe shi, sarki ne ko matsiyaci.

Na ce, "Ashe suna da tarbiyya."

"Suna da ita. Amma sun gane baƙi na iya cinye gida. Sai suka ware wa baƙi masauki daban da kicin daban, suka ware wani kaso na amfanin gona don ƙofa kawai. Kuma suka ajiye dattijo mai hankali a bakin ƙofa, shi ke amsa sallama, don kada a tashi masu karatu da ibada."

Na dubi falon ta gilashi. Wata ta tashi tana neman bokiti tana kiran sunanta.

Na ce, "Ke wa ke tsaron taki ƙofar?"

Ta tafi neman bokiti.

Na matsa sai ta kai ni wurin malamarta. Jami'ar gari guda ce, bishiyoyi da kekuna, shiru kamar ana zaman makoki. Malamar tsohuwa ce 'yar firit, gashinta fari, ta zuba mana shayi a wasu 'yan kofuna da ba su kai murfin kwalba ba. Ta yi magana mai tsawo. Nafisa ta ce, "Ta ce tana yi miki sannu da zuwa."

Na ce, "Duk wannan sannu da zuwa ne? Ni ba laoban ba ce. Fassara mini duka."

Ta sunkuyar da kai ta fassara. Matar ta ce a cikin ɗalibanta babu mai karanta tsofaffin takardun nan kamar Nafisa. Amma duk lokacin baje koli, sau biyu a shekara, sai ta ɓace, kuma tsakanin baje kolin ma ba ta cika zama ba. Ta ce ta roƙa mata lokaci har bakinta ya gaji, yanzu ba a hannunta yake ba. Ta ce ta daɗe tana so ta san ko wani ciwo ne ke damun yarinyar.

Na ce a gaya mata ciwo ne, kuma na zo da maganinsa.

Muna komawa na tsaya a tsakiyar falo na ce kowa ta haɗa kayanta, ga otal nan birjik a layin. Ladidi ta ɗauka wasa ne.

"Gaje, yau kuma da wa aka yi faɗa?"

"Da ku. Yarinya ta zo karatu kun mai da ita kuku da tafinta da 'yar dako."

"Mu muka ce ta yi? Ita ta taɓa cewa a'a?"

"Ta yaya za ta ce wa sa'ar uwarta a'a? Ai don kun san ba za ta iya ba kuke zuwa."

Ladidi ta gyara ɗaurin ɗankwali. "To, sannu 'yar boko. An koyi a ba ca da tsufa, an fi ƙarfin mutane. Ni da na goya yarinyar nan ranar da aka kwantar da ke a asibiti."

Gaskiya ta faɗa, ta goya ta. Na ce, "Kin goya ta, Allah ya saka. Yanzu ki sauka daga bayanta."

Nafisa na jikin ƙofar kicin tana hawaye, tana cewa, "Umma, don Allah. Hajiya, ku yi haƙuri." Har ƙasa ta saukar musu da kwalayen.

Kafin la'asar waya ta shigo daga Kano. Alhaji Sabo ne, Baffan nata, ƙanin marigayi babanta, mai shago a kasuwa. A ranar na gane shi ke raba lambarta kamar goron ɗaurin aure. Duk wanda ya ce zai je Chana sai ya ce masa, akwai 'yarmu a can.

Ya ce, "Hajiya, me nake ji haka? Gidan Yaya ba a taɓa korar baƙo ba."

Na ce, "Gidan yayanka yana da zaure, yana da mata a tsakar gida da masu zuwa cefane. Ita ɗaki ɗaya gare ta da hannu biyu. Su ma Turawan da take karantawa sai da suka ware gona kafin suka ce kowa ya zo. Kai me ka ware mata?"

"Karatun arna ne zai sa a zubar da zumunci?"

"In ta dawo ba takarda, zumuncin ne zai ɗauke ta aiki?"

Ya kashe wayar.

Na karɓi wayoyinta biyu na sa a lalita. Na share teburin, na sauko da littattafan daga kan firji. Na ɗauki wata farar kujerar roba na ajiye a bakin ƙofa ta ciki, na zauna da carbina. Aka fara bugu. Wata ta zo da akwati daga filin jirgi kai tsaye. Wani ya zo a raka shi Pazhou wurin baje koli. Wata maganin ciwon ƙafa take so a karanta mata. Ina buɗewa kaɗan in amsa sallama, in gaisa da mutum yadda ya kamata, in ba shi ruwa in yana so. In ya ce Nafisa, in kaɗa hannu in ce meyo. Wasu su yi dariya, wasu su zage ni a kan matakala, ina ji.

Ba zan ce abin ya yi mini daɗi ba. Akwai wata yarinya, zuwanta na farko, ta tsaya da jaka tana rarraba ido, ba ta san gabas ba. Na kwatanta mata otal na rufe ƙofa, na daɗe a tsaye ina jin ba ta motsa ba. Ita ma Nafisa duk bugun ƙofa sai ta ɗago kai. Ta ce mini, "Umma, za a ce ba ki ba ni tarbiyya ba." Na ce a faɗa, ni za a zaga, kuma na saba.

Amma ta yi rubutu. Daga safe har yamma ba ka jin komai sai ƙarar yatsunta a kan kwamfuta. Ni ke girki. Da daddawar nan da ta tsira na yi mata miya, ta ci har ta ƙara. Kumatunta suka fara dawowa. Wani lokaci ta juyo ta ce, "Umma, kin san har kitsen da za a ba baƙi sun ware?" In ce ban sani ba, ci gaba da aikinki. Ta gama babin baƙi ta aika wa malamar. Matar ta amsa da cewa shi ne abin da ta daɗe tana jira, saura sauran.

Sai bizata ta ƙare. Biza ta 'yan kasuwa ba ta da tsawo, an ba ka ne ka sayi kaya ka tafi. Na nemi ƙari, aka ce meyo.

Ta raka ni filin jirgi. Ladidi na jirgi ɗaya da ni, ta zauna can nesa ta juya mini baya. An ce da ta koma Shiling ba tafinta an haɗa mata kayan da ba su ta zaɓa ba, kuma ni ta ɗora wa. A bakin shiga na ciro wayoyin na ba Nafisa. Na ce ta rantse mini za ta kashe ɗaya. Ta ce to. Ba ta rufe baki ba ta hannun dama ta yi ƙara. Na ga sunan, Baffa.

Na ce, "Kar ki ɗauka."

"Umma, Baffa ne."

Ta ɗauka, ta ɗan rusuna kamar yana gabanta. Ina jin muryarsa. Surukarsa ce ta sauka yanzu a jirgin da zai kwashe mu, tsohuwa ce, ba ta jin ko Turanci, tana ƙasa tana jira. Wannan kaɗai, in ji shi, daga ita ba zai sake ba.

Layi ya matsa, ma'aikaci na miƙo hannu a ba shi fasfo. Na wuce. Ta bayan gilashi na juyo. Hanyar jirgin ƙasa mai komawa gari tana hagu. Na ga bayan mayafinta ya bi dama, ta hau matakalar da ke sauka wurin masu isowa.

Zango ya ƙare ba ta miƙa ba. Babi ɗaya ne cikakke, wanda ta rubuta ina bakin ƙofa. Ta dawo da akwati biyu, ɗaya duk takardu. Alhaji Sabo ya zo yi mata sannu da zuwa, ya ce ai ba a yi asara ba, tunda ta iya yaren sai ta zauna masa a shago tana yi masa waya da masana'antu. Ladidi har yau in mun haɗu a lungu sai ta duba wayarta.

To ga Chana, tunda kun tambaya. Na kuma lura yawancin masu tambayar, in na yi shiru kaɗan, sai su ce, "Af, Hajiya, ki ɗan ba ni lambar Nafisa mana, ƙanwata za ta je." Ku daina wahalar da kanku. Babu kowa a kan wannan lambar.

Tana nan a ɗakina na ciki. Kwanakin farko barci kawai take yi. Shekaranjiya na ji ta buɗe akwatin takardun, na ji tana jera su a kan gado. Ban shiga ba, ban tambaye ta me za ta yi da su ba. Na ɗauko kujerata na ajiye a bakin ƙofar.